Ruwan Da Ya Ƙi Kwanciya

Asabar, da hantsi

Bismillahi. Malama Jamilatu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce duk wadda ba ta son hannunta ya manta boko, to ta riƙa rubuta wani abu kullum, ko da sunayen kajinta ne. Ni ba ni da littafi. Takardun nan ne masu huji-huji a gefe da na Zariya ya bari a ƙarƙashin gadon Goggo, gabansu duk lambobi, bayansu fari tas. A bayan nake rubutu.

Na Zariya shi ne ɗan farina. Ba na faɗin sunansa, ba kuma zan rubuta ba. Goggo, yayar Malam maigidana, ita ta ɗauke shi tun yaye, a ɗakinta ya girma a nan cikin gida, ni kuwa Adda yake ce mini kamar wata yayarsa. Haka muka tarar ana yi a Turawa, haka muka yi.

Tun bayan Babbar Salla rabonmu da shi. Ya ce sai ruwansa ya kwanta zai zo, yana sa ran kafin Mauludi.

Malam ya sha kunu kaɗan. Takalminsa ya ƙi shiga yau ma.

Litinin, bayan La'asar

Barau direba ya kawo kaset daga Zariya. Shi ne ɗan aikenmu, yana bi ta Rogo Litinin da Alhamis. Muka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Malam, Zaituna autata ta saka a rediyo.

Na Zariya ya gaida Baffansa, wato Malam, ya gaida Goggo har da tsokanarta wai ko haƙorin nan guda yana nan. Ni ya ce, “A gaida Adda.” Shi ke nan rabona. Ya ishe ni.

Sai Malam ya sa aka mayar da wurin da yake bayanin aikinsa, don na farko tari ya hana shi ji. Bari in rubuta yadda na riƙe.

Ya ce, “Baffa, ka san bakin dam ɗin nan namu, inda ruwa yake zubowa ya daki ƙasa yana juyi yana kumfa? To shi na saka a cikin inji, kwamfuta ake ce mata.”

Zaituna ta ce, “Injin bai jiƙe ba?” Goggo ta kai mata mafici.

Ya ce ba ruwan gaske ba ne, na lissafi ne. Ya yayyanka wurin gida-gida kamar fangalin albasa, inji yana lissafa yadda ruwa yake fita daga wannan gida ya shiga na kusa, taki bayan taki. In ya yi daidai za a san inda ruwa zai ci gaɓa tun bai ci ba. Da fari lissafi yana tafiya lafiya. Can sai lamba guda a wani lungu ta fara rawa, ta yi sama ta yi ƙasa, ta shafa wa maƙwabtanta, duk su kumbura har takarda ta kasa ɗaukarsu. Sai inji ya buga taurari a madadin lamba, ya tsaya.

Da na dawo ɗaki na juya takardar da nake rubutu. Ga su kuwa, jere, ƙanana-ƙanana kamar ƙaya. Da na zaci ado ne.

Malam ya yi dariya har ta koma masa tari. Ya ce, “Ruwan da ya cinye mini gonar fadama, yaro yana so ya kwanta masa da wuri? Ai sai ya sha wuya.” Amma na ga fuskarsa. Tun da dam ya rufe gonar nan ba abin da yake faɗa a majalisa sai cewa ɗansa ne zai sa wa ruwan linzami.

Talata, da safe

Malam ya tara mu, ni da Goggo da Zaituna. Ya ce injin nan guda ne, ɗalibai da yawa, layi ake bi. Kuma mai jarraba su zai zo daga nesa bayan Mauludi, wanda bai gama ba sai baɗi. Ya ce, “Kada wadda ta ɗaga masa hankali a kaina. Ban yafe ba.”

Goggo ta ce to. Zaituna ta sunkuyar da kai. Ni ba wanda ya jira amsata, don an san ko ba a hana ni ba ba zan yi ba. Uwa ta aika wa ɗan fari ya zo? A rijiya za a kwana ana labarin.

Laraba, bayan Azahar

Mun ɗauki namu kaset ɗin. Goggo ta kusa cinye gefe guda ita kaɗai, ɗana kaza, ɗana kaza, tana kiran sunan kamar ita ta raɗa. Malam ya gyara zama ya yi murya mai ƙarfi, wadda ban ji ba tun kafin damina. Yatsana yana kan maɓallin tsayarwa. Da na ga ƙirjinsa ya ɗaga sai in danna, a jira ya gama, a ba shi ruwa, a ci gaba. Ban ƙirga sau nawa ba.

Da aka zo kaina na ce, “Ana gaishe ka. Kowa lafiya. Malam ya ɗan yi zazzaɓi, amma da sauƙi. Gero ya yi kyau.”

Na ƙulla masa ƙuli-ƙuli da yajin daddawa, na ba Goggo ta ba Barau a matsayin nata.

Juma'a, da hantsi

An yi ruwa. Ɗakin Goggo yana yoyo ta wajen gadon yaron. Na ja gadon.

Lahadi, bayan La'asar

Da kowa ya fita na ɗauki rediyo na shiga madafa. Na mayar da kaset ɗin wurin “A gaida Adda.” Na mayar, na sake mayarwa. Batir ya yi sanyi, muryar ta koma ja kamar ta tsoho. Sai na ji kamar muryar Malam ce. Na kashe.

Lokacin da na Zariya yake ƙarami, in na tatso nono, na saman nan mai maiƙo nake zubawa a ƙwaryar Goggo ban ce komai ba. Ita ma ba ta taɓa cewa komai ba. Ranar da ya fara tafiya a tsakar gida wajena ya nufo, hannu a buɗe, uwar mijina tana zaune tana kaɗi. Na kauce na kama tsintsiya. Ya wuce ya faɗa jikin turmi ya yi dariya. Ban san abin da ya kawo mini wannan yau ba.

Litinin, bayan La'asar

Kaset na biyu. Barau ya tsaya a zaure ya sha ruwa, na tsaya daga bayan ƙyaure.

Ya ce, “Inna Saude, ɗan Goggo fa ya koma sandar kiwo. Gashi ya taru kamar saƙar jaki. Na ce masa ko injin nan za a kai wa goro ne mu sani.”

Na ce, “Yana cin abinci?”

“Ƙuli-ƙulin Goggo dai ya karɓe da hannu biyu. Ya shinshina ya ce wannan ba suyar Goggo ba ce, ita ƙonawa take yi.”

Na kama gyaran mayafi. Ya ce, “Ya jikin Malam?” Na ce da sauƙi. Ya daɗe yana kallon kofin kafin ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

A kaset ɗin ya ce ya gano abu guda. Takin ne ya yi faɗi, ruwa yana tsallake gida bai shiga ba, shi ya sa lissafi yake rikicewa. Sai ya rage takin ya koma kamar na hawainiya. Taurari suka yi jinkirin zuwa, har ya fara murna. Amma tafiyar da inji yake yi a yini guda yanzu sai ya kwana ya wuni bai kai ba, lokacinsa ya ƙare na bayansa yana tsaye a kansa. Ran nan ma ana dab da kaiwa aka ɗauke wuta, komai ya goge. Da ya sake samun layi, taurarin suka zo dai, a lungun nan dai, gindin inda ruwa yake faɗowa.

Ya ce akwai wata lamba da take auna hargitsin ruwa, ita ba ta da ikon yin ƙasa da babu. To ita ce take fara zamewa ta yi ƙasa da babu, daga nan sai komai ya bi ta.

Goggo ta ce, “Ƙasa da babu kuma mene ne? Babu ai ita ce ƙarshe.”

Malam ya ce, “Ba ki taɓa ganin rumbu a watan Yuli ba ke nan.”

A ƙarshen kaset ɗin yaron ya ce, “Kaset ɗinku yana ta yankewa in Baffa yana magana. Rediyon ne ya lalace? In na zo zan duba.”

Ba wanda ya kalli wani.

Laraba, da yamma

Shitu ƙanin Malam ya samo mota muka kai shi asibitin Karaye. An ƙara magani. Likita ya ja Shitu gefe suka daɗe. Da Shitu ya dawo sai ya hau yi mini zancen takin zamani.

A hanyar dawowa Malam ya ce a tsaya inda ake hango ruwa. Bai iya sauka ba, daga cikin mota ya nuna da haɓa. Ya ce, “Ga kan tsamiyata can.” Rassan sama ne kawai suka rage a waje, da balbelu a kai. Ruwan daga nan lumui yake, ba ka ce shi ne yake hana wani barci a Zariya ba.

Ya ce, “Saude, in ya gama, nan zan kawo shi ya nuna mini da hannunsa.”

Na ce Allah ya kai mu.

Alhamis, da asuba

Zoben Malam ma ya ƙi fita. Sai da sabulu.

Asabar, da hantsi

Na yi wankin kayan da ba su yi datti ba. Akwai wata rigar makarantar yaron a akwatin Goggo, ta yi masa kaɗan tun tuni. Na wanke ta na shanya a bayan ɗaki inda ba a gani.

Lami maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, “Saude, baƙo za ku yi?” Na ce asu nake gudu.

Litinin, bayan La'asar

Kaset na uku ya zo. Muryarsa ta dushe. Gaisuwar ma a gurguje.

Ya ce ya canza yankan gidajen, ya ƙanƙanta su a lungun nan. Bai yi ba. Ya fara da ruwa a hankali kafin ya sake shi da ƙarfi. Ya ɗan yi nisa, bai yi ba. Ya bi rubutun da ya ba inji layi-layi ko ya sa alama a inda ba nan ba, ya samu guda, ya gyara, ya yi alwala ya yi nafila. Taurari suka zo.

Sai ya ce abokinsa Lukumanu, wanda suke ɗaki ɗaya, ya ba shi shawara. Akwai wata dabara, a ƙara wa ruwan kauri a cikin lissafi. Ruwa mai kauri ba ya hauka. Lambobi za su kwanta, takarda ta fito tsaf, mai jarrabawa ma da wuya ya lura in ba ya tona ba.

Ya ce, “Na gwada, Baffa, don in gani. Ya kwanta lumui. Amma juyin nan da yake cin gaɓa ya ɓace gaba ɗaya, alhali shi nake nema. Ɗan kaɗan kowa yana sawa, amma wanda zai kwantar da nawa ya yi yawa. Na ce wa Lukumanu wannan ai ba ruwa ba ne, kunu ne. In na kai wannan aka yi aiki da shi, ranar da ruwan gaske ya zo ba zai tambayi takardata ba. Gara a ba ni labari mai tayar da hankali in dai shi ne gaskiya.”

Malam ya buga tabarma da tafin hannu. Ya ce, “Ɗana ke nan.” Ya sa aka mayar.

Da yamma ina dama masa kunun kanwa, Zaituna tana hura wuta. Ba ta ɗago ba ta ce, “Inna, mu ma ai kunu muke aika masa.”

Na ce ta tashi ta ba ni wuri, mara kunya. Ta tashi. Kunun ya yi gudaji, sai da na tace.

Talata, bayan Azahar

Na shiga ɗakin Goggo tana tsinkar zogale. Na zauna na taya ta. Mun kusa cika faifai kafin na ce, “Goggo, ɗanki ne. Ke kike da baki a kansa.”

Ta ce, “Kin ji abin da ƙanina ya ce. Bai yafe ba. In tafi kabari da wannan?”

Na ce, “Shi kuma yaron in ya zo ya tarar da...” Ban ƙarasa ba.

Ta ce, “Ya tarar da me? Faɗi mana.”

Na zuba ganyen hannuna a faifai.

Ta ce, “Tun da aka kawo ki gidan nan ban taɓa jin kin yi zancensa ba. Ko ranar da ƙyanda ta kusa tafiya da shi, kina bakin turmi kina daka kamar ba a gidan kike ba. Har alfahari nake da ke a cikin mata. Yanzu da furfura za ki zubar?”

Na ce, “Dakan nan da kika gani, ba komai a turmin.”

Ta dube ni. Ta ci gaba da tsinka. Ni ma na ci gaba.

Laraba, da asuba

Malam bai kwanta ba, a jingine ya kwana. Ya kira sunan yaron a cikin barci. Da ya farka na ce ya yi mafarki? Ya ce a'a.

An ga watan Mauludi tun shekaranjiya. Yara sun fara koyon waƙe a makarantar allo.

Laraba dai, bayan La'asar

Bari in rubuta.

Da Azahar Goggo ta aika a sayo batir sababbi. Ta shigo ta ajiye su a kan rediyo ba ta dube ni ba. Ta ce, “Ni yau ba ni da abin faɗa a kaset. Zan je Unguwar Hajji barkar haihuwa, Zaituna za ta raka ni. Barau dai da sassafe yake wucewa.” Ta ja mayafi. A bakin zaure ta juyo ta ce, “Na riƙe shi, ban ce na haife shi ba.”

Gida ya rage daga ni sai Malam, yana jingine idonsa a rufe. Na ɗauki rediyo na zauna a bakin ƙofarsa daga ciki. Na danna. Na ce ana gaishe ka. Sai bakina ya tafi inda ya saba, na ji ina cewa kowa lafiya.

Sai tarin ya taso. Yatsana ya je kan maɓallin da kansa. Na janye shi na zauna a kan hannun.

Ya yi ta yi. Irin mai tsawon nan da yake ƙarewa da shiru, sai ka yi ta jira numfashi ya dawo. Kaset yana juyawa ina kallonsa. Da ya lafa na matso da bakina. Na faɗi sunan. Rabona da shi a bakina tun ranar suna, shi ma a zuci. Ya fito wani iri, kamar ba Hausa ba.

Na ce, “Ba rediyo ne ya lalace ba, ni nake tsayarwa. Ka ji da kunnenka. Ka zo gida. Uwarka ce take faɗa.”

Na kashe. Da na ɗago idon Malam a buɗe yake.

Ya ce, “Kin bar shi yana juyawa.”

Na ce, “Na bar shi.”

Ya ce, “Kin san abin da na ce.”

Na ce, “Na sani. Ka ɗora mini.”

Ya juya fuska ga bango. Na zauna. Kaji suka shigo na kore su. Har na ɗauka barci ya yi, sai na ji ya ce, “A kira mini wanzami gobe. Kuma farar rigar nan, a sa mata bula.”

Alhamis, da sassafe

Na miƙa wa Barau da hannuna, ba ta hannun Goggo ba. Ya karɓa ya dubi kaset ɗin ya dube ni. Ya ce, “Ya jikin Malam?”

Na ce, “Babu sauƙi.”

Ya sa shi a aljihun gaba ya maɓalle.

Alhamis, bayan Magariba

Barau ya dawo shi kaɗai. Bai same shi a ɗaki ba, wai layinsa ne ya zo, yana ɗakin injin, kuma ba a barin baƙo ya shiga. Ya bar wa Lukumanu, ya ce masa ko a bakin ƙofa ne ya tsaya har ya fito.

An yi wa Malam aski. Ya sa rigar. Duk motsin zaure sai ya buɗe ido.

Juma'a, da hantsi

Ruwa tun asuba. An ce hanya ta yanke wajen Falgore.

Juma'a, bayan Azahar

Ba kowa. Na ɗora tuwo da yawa.

In bai ji kaset ɗin ba fa. In ya ji ya ce bari ya ƙarasa tukuna fa. In na jawo masa asarar shekara kuma ya zo bai... A'a.

Asabar, da yamma

Ya zo.

Da hantsi, a bayan motar masara daga Rogo, sauran hanyar a ƙafa, taɓo har gwiwa. Ina tankaɗe na ji sallama. Ban tashi ba. Rariyar dai ta tsaya a hannuna. Goggo ce ta fita da gudu ba ɗankwali tana cewa, “Wannan gashin fa, mahaukacin ina ne aka sako mana?” tana kuka.

Ya durƙusa daga nesa ya ce, “Adda, ina kwana.” Na ce, “Lafiya. An zo lafiya?” Ina kallon gari. Barau bai yi ƙarya ba, duk wuyansa ya fito.

Ya wanke ƙafa ya shiga wajen Baffansa. Ni na tsaya a bakin ƙofa da kwanon ruwa, wai ruwa na kawo. Na ga lokacin da idonsa ya sauka a kan kumburarrun ƙafafun Malam. Ya zauna ya ɗora su a cinyarsa.

Malam ya ce, “Wa ya ce ka zo?”

Ya ce, “Ƙuli-ƙulina ne ya ƙare.”

Malam ya yi murmushi. Ya daɗe yana tara numfashi. Sannan ya ce, “Ruwan fa? Ya kwanta?”

Na ga bayan wuyan yaron ya ƙage. Ya ce, “Ya kwanta, Baffa.”

“Ba kunu ba?”

“Ba kunu ba. Ruwa sosai, da juyinsa.”

Malam ya rufe ido ya ce alhamdu lillahi. Ya ce, “In na ji ƙarfi za mu je ka nuna mini, daga wajen tsamiya.” Ya ce to, Baffa.

Da La'asar ya same ni a madafa. Bai taɓa shigowa madafata ba tun da ya yi wayo. Ya tsuguna a bakin ƙofa yana wasa da wani kara.

Ya ce, “Adda, bai kwanta ba.”

Na ce, “Na sani.”

Ya ce yana zargin ƙofar fitar ruwan ce ya sa kusa da inda yake juyi, sai ruwan da ya kamata ya fita yake komowa ta baya yana rikita na ciki. Da ya matsar da ita nesa, wataƙila. Yana cikin gyarawa Lukumanu ya aiko a kira shi. Ya saurara a tsaye a bakin ƙofa. Ya bar wa na bayansa layin.

Na ce, “Sai baɗi ke nan.”

Ya ce, “Ruwa ba ya gudu, Adda. Yana nan.”

Na zuba masa nono, na saman. Na miƙa masa da hannuna. Ya karɓa da hannu biyu.

Lahadi

Yana wajen Baffansa. Shi yake juya shi, shi yake ba shi ruwa a cokali. Na ji suna maganar shanun da aka yi kafin a haifi Zaituna, suna gardamar sunan wata saniya.

Talata

Ba zan rubuta yau ba.

Juma'a, da hantsi

An yi sadakar uku. Mutanen Rogo da na Karaye sun koma. An naɗe tabarmin zaure, an jingine sandar Malam a bayan ƙofa. Farar rigar tana kan igiya, ban san wanda zai sauke ta ba.

A masallaci ana ta karatun Mauludi, muna ji daga nan.

Lahadi, bayan La'asar

Ina zaune a ɗaki, ba na fita yanzu. Yaron ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa. An yi masa aski, sai ga kunnuwan Malam. Ya ga takardun a kan tabarma ya ce, “Ashe nan taurarina suke ƙarewa.” Na ce sun kusa ƙarewa ma, saura kaɗan. Ya ce zai kawo mini wasu, irinsu ba sa yanke masa.

Ya ce zai zauna har a yi arba'in, a cire gero, sannan ya koma ya shiga layi.

Na ga kaset ɗin a aljihun rigarsa. Na ce, “Wannan a ba Zaituna ta shafe, a ɗauki karatu a kai. Kada wani ya ji.”

Ya ce, “Akwai muryar Baffa a ciki.”

Na ce, “Tari ne kawai.”

Ya ce, “Da sunana.”

Na sunkuyar da kai na kama gyaran takardu. Ya ɗan tsaya, sannan na ji takunsa ya nufi ɗakin Goggo, tana yi masa faɗa wai ya bar tuwo ya huce.

Muntaka. Ashe haka ake rubuta shi.